Rada, allonta da lissafin da ke bayansa: tambayoyi da amsoshi ga ɗalibai da masu gyaran lantarki a Kaduna

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban injiniyan lantarki a Kaduna da Zariya, musamman masu neman batun aikin kammala karatu, da kuma masu gyaran rediyo da waya da ke son sanin abin da ke bayan eriyar nan mai juyawa a filin jirgi. An fara da masu sauƙi. Yawancinsu sun shafi abin da ke faruwa ne daga lokacin da igiyar rediyo ta dawo zuwa lokacin da ɗigo ya bayyana a allo, domin a wannan ɗan tsakanin aka yi mafi yawan ƙirƙirar.

Wai mene ne ainihin aikin rada?

Rada tana harba igiyar rediyo a taƙaice, abin da ake kira bugu, ta yi shiru, ta saurari amsa-kuwwar da za ta dawo idan igiyar ta ci karo da wani abu. Igiyar rediyo tana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, saboda haka lokacin da ta ɗauka zuwa da dawowa shi ne ma'aunin nisa. Jirgin da ke nisan kilomita 150, amsarsa za ta dawo bayan kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kowane kashi ɗaya cikin miliyan na sakan kuwa daidai yake da nisan mita 150. Ɗalibi ya haddace wannan, zai ta cin karo da shi. Ɓangaren da abin yake kuma, daga inda eriya ta fuskanta lokacin da amsar ta shigo ake gane shi.

Wahalar tana ga ƙarfin amsar. Igiya tana bazuwa a tafiya, ta sake bazuwa a dawowa, don haka idan nisa ya ninka biyu, abin da ke dawowa kashi ɗaya cikin 16 ne kacal. Amsar jirgi mai nisa takan shigo a nutse cikin hayaniyar lantarkin na'urar kanta, ga kuma amsar duwatsu da gine-gine da hadari da suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Ba mutum ɗaya ba ne. Heinrich Hertz ya nuna a ƙarshen shekarun 1880 cewa igiyar rediyo tana dawowa idan ta bugi ƙarfe. A 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya yi rajistar na'urar da ke kaɗa ƙararrawa idan jirgin ruwa ya kusato, amma bai samu masu saye ba. A watan Fabrairun 1935, Robert Watson-Watt da Arnold Wilkins suka gano jirgin sama a kusa da Daventry a Ingila ta amfani da igiyar tashar BBC, kuma a daidai wannan zamani Jamus da Amurka da Faransa da Tarayyar Sobiyet kowacce tana nata gwajin a asirce. A 1940 John Randall da Harry Boot na Jami'ar Birmingham suka ƙera sabon nau'in magnetron, kwalbar da ke samar da gajeriyar igiya mai ƙarfi, wadda ta sa eriya ta ƙanƙance har ta shiga cikin jirgi. Ita ce har yau take cikin na'urar ɗumama abinci ta maikrowef.

Yaya allon rada na farko yake?

Kwalba ce irin ta tsohuwar talabijin mai ƙeya. A allon farko layi ɗaya ne kwance, amsa ta zo ta yi tsini sama, mai aiki ya karanta nisa daga inda tsinin ya tsaya. Daga baya aka kawo allo mai da'ira, wanda ake kira PPI: tashar tana tsakiya, layin haske yana juyawa tare da eriya, duk inda amsa ta dawo sai wurin ya haska. An shafe cikin kwalbar da sinadarin da ke riƙe haske na wasu sakanni, don kada ɗigon ya ɓace kafin eriya ta zagayo. Hasken ba shi da ƙarfi, shi ya sa ake aiki a ɗaki mai duhu.

A wancan lokaci mutum ne yake tace komai. Shi zai bambance jirgi da hadari da idonsa, ya sa alama da fensir a kan gilashi, ya lissafa gudu da alkibla. Kuma ido yakan yaudari mai shi. A watan Yulin 1956 jiragen ruwa biyu, Andrea Doria na Italiya da Stockholm na Suwidin, suka yi karo cikin hazo a kusa da gaɓar Amurka, mutum 51 suka rasu, alhali kowannensu yana da rada kuma ya ga ɗan'uwansa a allo. Ganin ɗigo daban, sanin inda ya dosa daban. Irin wannan hatsari na cikin abin da ya sa daga baya aka wajabta wa manyan jiragen ruwa na'urar da ke bin ɗigo da kanta ta lissafa inda za a haɗu. An yi bayanin yadda take yi a tambayar bin sawu.

Me ake nufi idan an ce an mayar da siginar dijital?

Ana auna ƙarfin lantarkin da ke fitowa daga na'urar karɓa sau miliyoyi a sakan, a rubuta kowane awo da lamba. Idan ana awo sau miliyan ɗaya a sakan, kowace lamba tana wakiltar gurbin mita 150 a kan layin da eriya ta fuskanta. Rada ta zamani lamba biyu take ajiyewa a kowane gurbi, waɗanda ake kira I da Q, domin daga su ake samun ƙarfin amsar da kuma matakin da kaɗawar igiyar take lokacin da ta iso. Wannan na biyun shi ne dukiyar. Jirgi ya matsa 'yan santimita kaɗan tsakanin bugu da bugu, matakin zai canja, alhali ƙarfin yana nan yadda yake.

Da zarar amsa ta zama lamba, ana iya ajiye ta, a tara, a ɗebe, a kwatanta da ta ɗazu, a aika ta wani gari ba tare da ta lalace ba. Babban tsarin farko da ya yi haka shi ne SAGE na tsaron sararin Amurka, wanda ya fara aiki a 1958. Tashoshin rada suna aika lambobi ta layin tarho zuwa kwamfutar IBM mai kwalaben lantarki kusan 50,000, ita kuma ta zana sakamakon a allo.

Allon yau irin na kwamfuta ne mai layuka a kwance, rada kuma juyawa take. Ta yaya ake haɗa su?

Wannan shi ne aikin na'urar sauya zane, kuma an yi rajistar ƙirƙira da yawa a kansa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da ma'ajiyar lantarki ta fara araha. Rada tana ba da nisa da kusurwa, allo kuma yana son a ce masa ɗigo na nawa daga hagu, na nawa daga sama. Lissafin bai wuce na sakandare ba: a ninka nisa da sine na kusurwa don samun gabas, a ninka da cosine don samun arewa. A yawancin tashoshi akwai na'ura a gindin eriya da ke raba zagaye ɗaya gida 4096, da alama ɗaya ta arewa, don haka ana iya lissafa sine da cosine na kowace kusurwa tun farko a ajiye a jadawali.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakiyar allo da bakinsa. A tsakiya layukan sun cunkushe, awo da yawa suna faɗawa kan ɗigo ɗaya. Idan na ƙarshe ya goge na farko, ƙaramin jirgi zai iya ɓacewa, don haka ake ajiye mafi ƙarfi a cikinsu. A baki kuwa layukan sun ware, sai a samu ramuka baƙaƙe tsakaninsu. Wasu sun magance wannan da cike ramin da awon da ke kusa. Wasu suka juya lissafin: a ɗauki kowane ɗigon allo a tambaya wane nisa da wace kusurwa ce tasa, ta haka ba wanda zai zauna wayam. Har dusashewar hasken tsohuwar kwalba sai da aka kwaikwaya, ana rage lambar kowane ɗigo a hankali, saboda masu aiki sun saba karanta alkiblar jirgi daga wutsiyar da yake bari. Ribar ita ce allo mai haske da ake kallo da rana, da launuka, da taswira, da rubutu.

Sai dai jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama a yau galibi ba ɗanyen hoton rada yake kallo ba. Alamomi ne da kwamfuta ta zana bayan ta yanke hukuncin abin da ya cancanci a nuna. Amsoshin da ke kan tarkace, mizanin ganowa da bin sawu su ne bayanin wannan hukunci.

Ta yaya ake raba jirgi da tarkacen duwatsu da gine-gine?

Da motsi. Dutsen Kufena ko tsaunukan Kagoro, da za a kafa rada kusa da su, za su mayar da amsa mai ƙarfin gaske, amma iri ɗaya a kowane bugu. Idan aka ɗebe amsar bugun baya daga ta yanzu, abin da ke tsaye zai zama sifili, abin da ya motsa ya rage. Wannan dabara ita ake kira MTI, kuma tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka fara ta. Tushenta abin da Christian Doppler ya bayyana ne a 1842, wanda kowa ke ji a canjin ƙarar hon ɗin tirela idan ta wuce shi a titin Nnamdi Azikiwe. Ga rada mai tsawon igiya santimita 10, jirgin da ke tahowa da gudun mita 100 a sakan yana ƙara kaɗawa 2,000 a sakan kan amsarsa.

Kafin a ɗebe, dole a riƙe amsar baya na kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma a lokacin babu ma'ajiyar lantarki. Sai aka mayar da siginar sauti, aka tura ta cikin bututun zaiba, inda sauti ke gudun kusan mita 1,450 a sakan, a karɓe ta a ɗaya bakin a daidai lokacin da sabon bugu ke dawowa. Zafi ya ɗan canja, jinkirin ya canja, tarkace ya dawo allo. Ma'ajiyar dijital ta kawar da wannan ciwon kai gaba ɗaya.

Dabarar tana da makanta guda biyu. Jirgin da ke matsawa daidai rabin tsawon igiya tsakanin bugu da bugu, amsarsa za ta yi kama da ta abin da ke tsaye. Da igiyar santimita 10 da bugu 1,000 a sakan, wannan gudun kilomita 180 ne a awa, da ninkinsa. Maganin shi ne a riƙa sassaɓa tazarar bugun. Na biyu, jirgin da ke gilmawa ta gefe, ba ya kusatowa ba ya nisa, shi ma sai a share shi. A shekarun 1970 cibiyar bincike ta Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT ta Amurka ta ƙera MTD, wadda ke rarraba amsa gida-gida bisa gudu, ta kuma ajiye taswirar tarkacen kowane gurbi tana sabunta ta. Idan amsa ta fi abin da aka saba gani a gurbin, ko ba ta da alamar gudu, za a nuna ta.

Da gaske ne kwamfuta ta ci gajiyar binciken rada?

Ƙwarai kuwa. J. Presper Eckert ya yi aiki a kan bututun zaiba don rada kafin ya ba da shawarar a mayar da shi ma'ajiyar kwamfuta, kuma da irinsa kwamfutar EDSAC ta Jami'ar Cambridge ta yi aiki a 1949. Freddie Williams da Tom Kilburn, waɗanda suka fito daga binciken rada na Birtaniya, su suka gano yadda za a ajiye lambobi a fuskar kwalbar allo, kwamfutarsu ta Manchester ta gudanar da shirinta na farko a watan Yunin 1948. Ƙwallon murzawa da ake nuna abu da shi a allo, Ralph Benjamin ya ƙirƙiro shi a 1946 don allon rada na sojan ruwan Birtaniya, shekaru da dama kafin linzamin kwamfuta.

Ta yaya na'ura take yanke hukuncin cewa wannan jirgi ne, wancan hayaniya?

Tana sa mizani, duk abin da ya haura shi ta ɗauke shi. A ɗaga mizanin da yawa a rasa jirgi na gaske, a sauke shi allo ya cika da ƙarya. Duba girman aikin: gurbi 1,000 a kowane bugu, bugu 1,000 a sakan, hukunci miliyan ɗaya ke nan a sakan. Ko da kuskure ɗaya ne a cikin miliyan, kowane sakan sai an samu ɗigon ƙarya.

Mizani tsayayye kuma ba ya aiki, domin muryar da za a ce ta cika ƙarfi a ɗakin karatu, a tsakiyar Panteka ba mai jin ta. Dabarar CFAR tana auna kowane gurbi ne da maƙwabtansa: a ɗauki matsakaicin ƙarfin guraben gaba da baya, a tsallake na jikinsa don kada jirgin ya shiga lissafin kansa, a ninka da wani adadi, wannan shi ne mizanin wurin. Finn da Johnson na kamfanin RCA suka bayyana ta a 1968. Aibinta shi ne jirage biyu kusa da juna, babban ya ɗaga matsakaicin har ƙaramin ya ɓace. A 1983 Hermann Rohling a Jamus ya kawo gyara: a jera maƙwabtan daga ƙarami zuwa babba a zaɓi wanda ke wani matsayi, ta yadda ƙato ɗaya ba zai ja lissafin ba. Ɗalibin da ya rubuta waɗannan biyu a kwamfuta ya gwada su, ya fahimci rada fiye da wanda ya haddace babi guda.

Me ya sa radar zamani ba ta buƙatar ƙarfin wuta irin na da?

Saboda matse bugu. Gajeren bugu yana raba abubuwa biyu da ke kusa, amma kuzarinsa kaɗan ne, shi ya sa tsofaffin tashoshi ke harba wajen wat miliyan a lokaci ɗaya. Dogon bugu yana da kuzari, amma yana cakuɗa komai: mai tsawon kashi 100 cikin miliyan na sakan yana rufe kilomita 15. Sai aka ce a harba dogon, amma yawan kaɗawarsa ya riƙa hawa daga farko zuwa ƙarshe. In ya dawo, a gwada shi da kwafin abin da aka harba, sai duk kuzarin ya taru a wuri ɗaya. Hawan megahaz ɗaya, wato kaɗawa miliyan ɗaya a sakan, yana mayar da kilomita 15 ɗin nan mita 150. D. O. North ya kafa lissafin wannan gwaji a 1943, masu binciken Bell Labs kuma suka wallafa cikakken bayanin dabarar a 1960.

Wannan ne ya ba da damar maye gurbin manyan kwalabe da taransisto masu yawa, waɗanda in ɗaya ya mutu tasha ba ta tsayawa. Kuɗin da ake biya shi ne rada ba ta ji yayin da take harbi, don haka ake haɗawa da gajeren bugu don abubuwan kusa.

Mene ne FFT, kuma me ya sa ake yawan ambatonsa?

Gajeriyar hanya ce ta gano irin kaɗawar da ke cikin sigina, wato a rada, gudun abubuwa. James Cooley da John Tukey suka wallafa ta a 1965. Awo 1,024 ta doguwar hanya yana cin lissafi sama da miliyan ɗaya, ta wannan kuwa kusan dubu goma. Daga nan sai kayan aiki suka biyo: Texas Instruments ta fito da IC ɗinta, wato ɗan guntun da'irar lantarki, na sarrafa sigina, TMS32010, a farkon shekarun 1980, Xilinx ta fito da FPGA a 1985, wato IC ɗin da injiniya ke tsara cikinsa da kansa. Rarraba gudu da matse bugu da aka yi bayani a sama galibi da FFT ake yin su yau. Radar da ke gaban sababbin motoci, mai aiki a gigahaz 77, wato megahaz 77,000, ba ta kai tafin hannu ba, amma FFT biyu take yi a jere, ɗaya na nisa ɗaya na gudu.

Yaya ake bin sawun jirgi daga ɗigo-ɗigo?

Radar filin jirgi tana zagayowa duk bayan sakan huɗu zuwa biyar. Jirgi mai gudun kilomita 800 a awa ya ci kusan kilomita ɗaya a wannan tsakanin. Kwamfuta tana hasashen inda zai kasance, ta zana ɗan akwati a wurin, in sabon ɗigo ya faɗa ciki ta haɗa shi da sawun. Ɗigon ƙarya ba ya maimaita kansa a kan layi, a nan yake mutuwa. Lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960 shi ke nuna yadda za a raba amincewa tsakanin hasashe da sabon awo, gwargwadon ingancin kowanne.

Idan ɗigo bai zo ba a zagaye ɗaya ko biyu, tsarin yakan ci gaba da tura alamar bisa hasashe, ya canja kamanninta don jami'i ya san ba gani aka yi ba. Duk mai tsara allo ya ɗauki wannan da muhimmanci: abin da aka auna da abin da aka yi hasashe kada su taɓa yin kama ɗaya.

Daga ina sunan jirgi da tsayinsa suke fitowa a allo?

Daga jirgin kansa. Akwai rada ta biyu da ba ta jiran amsa-kuwwa, tambaya take aikawa a megahaz 1030, na'urar amsa kira da ke cikin jirgin ta mayar da amsa a 1090. Asalinta dabarar bambance jirgin gida da na abokan gaba ce a lokacin yaƙi. Matuƙi yana sa lamba huɗu, kowace daga 0 zuwa 7, jimilla 4096. Uku an keɓe su: 7500 fashin jirgi, 7600 lalacewar rediyo, 7700 halin gaggawa. Tsayi kuma daga na'urar awon matsin iska da ke jirgin yake zuwa. Tsarin Mode S ya ba kowane jirgi adireshinsa na kansa, ana kiransa shi kaɗai, amsoshi ba sa hawa kan juna.

A tsarin ADS-B jirgi yana shelanta matsayinsa da ya samu daga tauraron ɗan'adam ba tare da an tambaye shi ba. Yawancin abin da manhajar Flightradar24 ke nunawa a waya daga nan yake. Jirgin da ya kashe na'urarsa kuwa, sai rada mai amsa-kuwwa ce za ta gan shi, shi ya sa ba a yi ritayar ta ba.

Wace rada ce ke ganin sararin Kaduna?

Hukumar NAMA ce ke kula da sararin samaniyar Najeriya. Aikin TRACON da kamfanin Thales na Faransa ya yi, wanda aka ƙaddamar a 2010, ya kafa tashoshi tara: Legas, Abuja, Kano da Fatakwal masu rada iri biyu, sai Maiduguri, Ilori, Numan, Obubra da Talatar Mafara masu rada ta biyu kawai. Kaduna ba ta cikin taran, tana tsakanin Kano da Abuja ne, kuma rada ta biyu tana kaiwa sama da kilomita 400.

Amma duniya a lanƙwashe take. Jirgin da ke tsayin mita 10,000 ana iya ganinsa daga nisan kilomita 400, wanda ya sauko mita 300 kuwa da wuya eriya mai tsayin mita 20 ta gan shi bayan kilomita 90. Kaduna ta fi haka nisa daga Abuja da Kano. Wannan iyaka ba ta lissafi ba ce, babu manhajar da za ta kawar da ita, sai dai a kafa na'ura kusa. Muhimmancin filin jirgin Kaduna ya fito fili a watan Maris na 2017, lokacin da aka rufe na Abuja mako shida don gyaran titin sauka aka karkato jirage nan.

Ƙurar hunturu tana makantar da rada?

Ba ta yi. Ƙarfin amsar ƙaramin abu yana tafiya ne da faɗinsa a ninka da kansa sau shida, don haka ɗigon ruwa mai milimita 2 ya fi ƙwayar ƙura mai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗinsa amsa sau tiriliyan. Soke tashin jirage a hunturu matsalar idon matuƙi ce lokacin sauka. Ɓarnar ƙura tana ga kayan aiki: toshe matatar iska, ɗumama na'ura, cinye ƙarafan da ke juya eriya.

Damina ce ke cika allo. Ana rage amsar ruwan sama da harba igiya mai murɗawa, domin ɗigo mai zagaye yana mayar da ita a juye, jirgi kuwa ba haka ba. Abin da filin jirgi ke zubarwa shi ne abin da radar yanayi ke nema. Garken tsuntsaye irin su jan-baki da tarin fara su ma suna bayyana, kuma tun da suna motsi, MTI ba ta share su, sai a matakin bin sawu ake gane su da jinkirinsu.

Malam, na'urar Arduino mai juyawa da ake nunawa a bikin baje kolin ɗalibai, rada ce?

A'a. HC-SR04, na'urar awon nisa da ake ɗora mata, sauti take harbawa, ba ta wuce mita huɗu. Tana koyar da sauya zane, amma a kira ta da sunanta. Mai son igiyar rediyo ta gaske ya nemi 'yar na'urar rada ta HB100, mai aiki a gigahaz 10.525, wadda ke ba da kaɗawa kusan 70 a sakan ga kowane gudun mita ɗaya a sakan. A ƙara mata ƙarfi, a shigar ta jakin makirufo na kwamfuta, a yi FFT da Python, ga na'urar auna gudun babur. Da RTL-SDR, 'yar na'urar karɓar rediyo da ake sokawa a kwamfuta, da eriya mai tsawon santimita 7 kuma ana karɓar saƙon ADS-B. Hotunan radar tauraron Sentinel-1 kyauta ne, suna ratsa gajimaren Agusta, ruwa kwance yana fitowa baƙi, don haka taswirar ambaliyar Kogin Kaduna aiki ne mai amfani da ba ya buƙatar sayen komai.

A kiyaye: Kaduna garin soja ne. Kada a kafa eriya ko a ɗauki hoto kusa da bariki ko sansanin sojan sama, kada a harba igiya mai ƙarfi ba izinin hukuma, kuma a riƙe takarda daga sashen karatu a duk gwajin waje.

Ina ake koyon wannan a jiharmu?

Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da jami'an kula da zirga-zirga da injiniyoyin na'urorin sadarwa da rada. Akwai injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar fasaha ta sojan sama AFIT, da makarantar horar da hafsoshin soja NDA, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Da irin wannan taro a jiha ɗaya, abin takaici ne a ce gyaranmu ya tsaya ga zare allon lantarki a aika waje a jira sabo. Kwalaben da suka fi ƙarfinmu ƙerawa sun ragu, aikin ya koma lissafi da manhaja. Wanda ya riƙe lissafin yiwuwa, da lissafin Fourier wanda shi ne tushen FFT, da harshen manhaja C ko Python, da tsara FPGA, ya kama hanya. Mai gyaran waya da ya iya bin layin allo da like ƙananan IC, rabin da ya rage masa karatu ne.

In na ƙirƙiro wata dabara, yaya zan kare ta?

Dokar mallakar ƙirƙira ta 1970 ce ke aiki. Ana rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, kariyar shekara 20 ce daga ranar shigar da takarda, da kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike da cike takardu. Ofishin yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce, don haka wani na iya ƙalubalantar ta a kotu daga baya. Binciken yana wuyanka, a shafukan intanet na Google Patents ko Espacenet. Ƙa'idar kimiyya zalla ba a mallakarta, sai yadda aka yi amfani da ita a na'ura.

Kada ka wallafa ko ka baje kolin aikin kafin ka shigar da takarda, domin hakan na iya zubar da sabuntarsa. Rajistar Najeriya a Najeriya kawai take aiki. Mai neman kariya a waje yana da wata 12 daga ranar shigarwa ya nema, kuma tun 2005 Najeriya tana cikin yarjejeniyar PCT da ke ba da damar shigar da takarda ɗaya don ƙasashe da yawa. Takardun sauya zane da MTI da CFAR na shekarun 1970 da 1980 kuwa wa'adinsu ya ƙare, suna nan da cikakken zanensu, kowa na iya karantawa ya gina a kai.